LEMUN TSAMIN BAYAN TANKI: Shafi na 19

Masu cewa na ja wa Ermine rai da yawa, na ji ku. Har da baiwar Allahn da ta turo mini saƙo sau shida jiya, wai ko in bar matar nan ta yi magana ko ta daina karatu. To yau baki ya buɗe, sai dai ba yadda kuka so ba. Sababbin shigowa ku samu wuri ku zauna, ba za ku ɓata ba.

*

Bakwai da 'yan mintuna injin yankan itace ya fara kuka a gonar Ma Clemie.

Ermine na durƙushe cikin kunyar gwaza, hannunta dumu-dumu da taɓo. Ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da tsintar ciyawa a wurin da ta riga ta tsince tun jiya.

Iccen farko ya faɗi. Lemun tsami ba wani babban itace ba ne, faɗuwarsa ba ta da ƙara, amma sai da ta ji abin har cikin haƙoranta.

Shekara talatin da ɗaya ta yi tana aikin nas a Orlando ta jihar Florida a Amurka, kuma duk tsawon shekarun nan hirarta da mijinta Lennox ɗaya ce: ranar da za su tattara su koma tsibirin Dominica, su gyara gidan mahaifiyarta na kan tudu, su yi lambu, su tsufa suna kallon teku. Lennox har zanen lambun ya yi a bayan kalanda. Saura wata biyar ya ajiye aiki zuciyarsa ta tsaya. Ita kaɗai ta dawo, yau shekara biyu da rabi ke nan, da akwati huɗu da takalminsa na aiki. A cikin takalmin, naɗe a jiƙaƙƙiyar safa, akwai ɗan dashen lemun tsami daga iccen da ya shuka a bayan gidansu shekarar da suka tare. A takardar kwastan, wurin da aka tambaya ko tana ɗauke da tsiro ko iri, ta rubuta a'a. Ma'aikacin ma har barka da dawowa gida ya yi mata.

Ta dasa shi a bayan tankin ruwa, inda ba a hangowa daga hanya.

Bara ganyensa ya fara ɗiga rawaya, gefe guda kore, gefe guda kamar an yayyafa masa kurkum. Ta gane cutar a kallon farko. Duk wanda ya zauna a Florida ya san ta, ya ga gonakin lemun da ta mayar kufai. Ba ta jin magani, kuma wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari ne ke kwasarta daga wannan itace zuwa wancan. Ermine ta ce wa kanta iskar gishiri ce. Ta ce ruwa ne ya yi masa yawa. Sau uku tana ɗaukar adda ta zagaya bayan tankin, sau uku tana dawowa ta rataye ta.

Daga tankin zuwa iccen farko na gonar Ma Clemie taku ashirin ne.

Ma Clemie kuwa ba maƙwabciya ce kawai ba. Ita ta riƙe Ermine a coci ranar baftisma, shi ya sa take kiranta Nenen, kuma aminiyar mahaifiyarta ce tun suna 'yan mata. Lokacin da Ermine ta dawo da hannun da bai san komai ba sai safar roba, tsohuwar ce ta hauro tudu da bokitin kawunan gwaza a ka. Ita ta koya mata ba a binne rogo sai wata ya fara raguwa, ita ta nuna mata inda ruwa ke kwanciya da inda yake gudu. Ran da Ermine ta sayo ƙasar shuka a leda daga Roseau, babban birni, tsohuwar ta yi dariya har da zama a ƙasa, wai a tsibirin da in ka manta sandarka a waje kwana biyu za ka tarar ta yi ganye, a nan ne 'yar Amurka ta sayo ƙasa da kuɗinta.

Itatuwan da ake sarewa yau mijin Ma Clemie ne ya dasa su kafin ya rasu, shekarar da babbar guguwa ta kwashe rufin garin. Da su ta raini 'ya'ya bakwai. Makon jiya malamar gona ta zo da gwangwanin jan fenti, ta bi gona tara tana shafawa. Duk iccen da ya sha fenti, a sare a ƙone.

Gari kuwa ba ya zama da asara babu mai laifi. Kafin fentin ya bushe an samo shi.

*

"Nas, kina ciki?"

Ermine ta miƙe da sauri har gwiwarta ta yi ƙara. Wisly ne tsaye a bakin shinge, hularsa a hannu, filastar da ta manna masa a gira ta yi datti.

Mutumin Haiti ne, shekararsa tara a garin, sana'arsa yi wa itatuwa aure, wato haɗa reshen wani a jikin wani. Babu mangwaro ko lemun da ke ba da 'ya'yan kirki a kwarin nan da wuƙarsa ba ta taɓa ba. A shagon giya har tsokanarsa suke yi, wai ya ɗaura wa itatuwan gari aure kaf, ya kasa ɗaura nasa, don kowa ya san shekara huɗu yana bin Josette, autar Ma Clemie mai sayar da kifi, tsohuwar kuma ta ce sai dai bayan ranta. Da cuta ta ɓulla, mutanen da ke wannan tsokana su suka fara cewa ai shi ne ke shiga kowace gona da wuƙa, wa ya san irin rassan da 'yan uwansa ke shigo masa da su ta kwalekwale. Ran Lahadi bayan an taso daga coci wani ya jefe shi da dutse. Ermine ce ta yi masa ɗinki biyar a kan teburin kicin ɗinta, hannunta bai ko girgiza ba, kuma ta tsani kanta saboda hakan.

Ya ce ya zo a cire masa zaren ne. Ta ce ai da saura kwana biyu. Ya ce ba shi da kwana biyu, jirgin ruwan gobe zai bi, mai gidan da yake haya ya ce ya kwashe kayansa kafin a ƙone masa gida.

Ta wanke hannu, ta zaunar da shi a baranda inda haske yake, ta ɗauko almakashi da hantsaki. A ƙasa injin ya sake tashi.

"Ina za ka?"

"Inda jirgin ya tsaya."

"Josette fa?"

Ya ɗaga kafaɗa. Ta ce ya daina motsi.

Ta cire zare na farko, ta cire na biyu. Tana kan na uku ya yi magana, idonsa a rufe, muryarsa kamar mai ba da shawarar taki.

"Nas, in na tafi ki ƙone na bayan tankin nan. Kada ki sare ki yar. Ki tono har saiwa ki ƙone."

Hantsakin ya faɗi a siminti.

Ba ta sunkuya ta ɗauka ba. Shi ya sunkuya, ya goge a wandonsa, ya miƙa mata, sannan ya tuna aikinta ne, ya ce ta yi haƙuri, ya san sai an sake tafasawa.

"Tun yaushe?"

"Bara, watan Mayu. Ran da kika ce in zo in duba miki mangwaro. Na zagaya neman ruwan wanke wuƙa."

"Ka gan shi."

"Na gan shi. Irin nan babu shi a tsibirin nan, Nas. Na san kowane lemu daga nan har bakin kogi, na san uwarsa, na san kakarsa. Wannan baƙo ne kamar ni."

Ermine ta zauna a kan matakala. Tana so ta ce masa na mijinta ne, tana so ta ba shi labarin kalanda da takalmi, amma ta ji duk abin da za ta faɗa roƙon a tausaya mata ne, a gaban mutumin da jininsa ya ɓata mata tawul kwana biyar da suka wuce.

"Me ya sa ba ka faɗa ba? Ranar da suka kewaye ka a bakin coci, me ya sa ba ka nuna gidana ba?"

Ya yi ɗan murmushi, girar ta motsa, ya dafe ta.

"In ce musu me? In ce ba ni ba ne, 'yar marigayiya Agatha ce, wadda ke auna musu hawan jini kyauta duk Asabar? Maimakon dutse ɗayan da na sha, da goma na sha."

"Da na amsa."

"Kina wurin ai, Nas."

Bai faɗa da zafi ba. Da ya faɗa da zafi da ya fi mata sauƙi. Tana wurin, riƙe da littafin waƙoƙin coci, taku biyar daga inda ya faɗi.

Ta ce masa ta yi niyya, wallahi ta yi, kullum tana kwana da niyya tana tashi da tsoro. Ya ce ya sani, yana ganin haka a fuskarta duk sanda suka haɗu a hanya, har tausayi take ba shi. Ya ce shi ba don ta tona kanta ya zo ba, gonakin can ƙasan kogi har yanzu lafiyarsu lau, su yake ji.

"Kuma ba shiru na yi gaba ɗaya ba," ya ƙara. "Mutum ɗaya na gaya wa, tun a makon."

"Wa?"

"Wanda ya kamata."

Ta yi ta tambaya, ya ƙi. Ya ce ta ƙarasa masa zaren, yana da ɗaurin kaya. Ta tafasa hantsakin ta cire sauran ukun. Da zai tafi ya tsaya a bakin lambun ya dubi kuɓewarta, ya ce ta yi musu kusa da juna da yawa, baɗi ta ba su fili. Ya sa hularsa ya gangara.

*

Ba ta canza kaya ba. Da taɓon a gwiwa ta bi ta ɓarakar shinge ta shiga gidan Ma Clemie, ta hanyar da take bi kullum in za ta karɓo garwashi ko ta kai ragowar miya.

Rabin gonar ya riga ya kwanta. Wurin ya yi wani irin haske marar daɗi, har ana hango tekun da ba a taɓa gani daga tsakar gidan ba. Ma'aikata na jan rassa suna tarawa, malamar gona na tsaye da takarda can nesa. Ko'ina ƙamshin lemu, ƙamshi mai daɗi, abin da ya fi ɓata rai ke nan.

Ma Clemie na zaune a kan benci a ƙofar kicin ɗinta na katako, ta juya wa gonar baya, tana ɓare gasasshen koko a cikin faranti. Ta cikin kicin ana jin ƙarar kankarar kwakwa, Josette na aiki.

"'Yar Agatha. Kin zo gaisuwar mutuwa? Zauna, ba a fitar da gawa ba tukuna."

"Nenen, magana na zo da ita."

"Kin karya? Akwai shayin koko a wuta."

"Nenen, don Allah."

Tsohuwar ta ɗago ta dube ta, ta dubi taɓon gwiwarta, ta mayar da ido kan farantin.

Ermine ba ta zauna a bencin ba. A ƙasa ta durƙusa, kamar yadda ba ta yi wa kowa ba tun tana 'yar shekara goma. Ta rage murya ta faɗi komai, tun daga safa da takalmi, da takardar kwastan, da ganyen da ya yi rawaya, da addar da ta rataye sau uku. Ba ta yi kuka ba sai da ta zo kan taku ashirin ɗin. Ta ce ita ta kashe itatuwan, ita ta sa aka fasa wa Wisly kai, hannun da ya koya mata shuka shi ta sara.

Ma Clemie ta murje ƙwayar koko, ta hure ɓawon.

"Kin gama?"

"Nenen..."

"Kin makara da shekara ɗaya da wata huɗu. Tashi daga ƙasa, tururuwa za su cije ki."

Ermine ta ɗago ta dube ta.

"Ke ya gaya wa."

"Ni ya gaya wa. Nan ya tsaya inda kike, da hularsa a hannu, da addarsa a ƙugu. Ya ce Ma, akwai itace a bayan tankin Nas, ki ba ni izini in shiga in cire shi yau, gobe ya yi nisa."

"Kika ce me?"

"Na ce in ya taɓa shi sai na sa an kore shi daga garin nan."

Injin ya yi shiru a daidai lokacin, ana ƙara masa mai. Ma Clemie ta rage murya ita ma.

Ta ce ai ta daɗe da sanin iccen, tun kafin Wisly. Tana ganin Ermine da sassafe tana zagayawa bayan tanki da kofin shayi biyu, ta dawo da ɗaya babu komai a ciki. Wace macen da ta binne miji ce ba za ta gane wannan ba? Ita kanta shekara ashirin tana yi wa iccen bakin rijiya magana da sunan nata mijin. Lokacin kuwa Ermine ba ta cin abinci, ta rame kamar sandar rake, abin da ke fito da ita daga ɗaki iccen nan ne kaɗai. Sai ta ce a ranta, ɗan itace guda, me zai yi? Ta ga guguwa, ta ga fari, ta ga tsutsar ayaba. Yaron Haiti ne zai koya mata ciwon lemu?

"Na ɗauka na fi shi sani," ta ce. "Ke kika kawo wutar, ni na hana a kashe ta. To wa zan kai ƙara?"

Ermine ta kama gefen zanen tsohuwar. Wani abu mai kama da sauƙi ya taso mata, ta ji kunyarsa tun kafin ya gama tasowa.

"To mu je mu faɗa, Nenen. Ga malamar can. Ni zan ɗauki komai, ba sai sunanki ya fito ba. Gobe zai bar garin."

"Ya bari mana."

"Nenen?"

"Na ce ya bari. Jirgi ya kawo shi, jirgi ya mayar da shi."

"Bai yi komai ba. Shi kaɗai ne ma ya yi abin da ya kamata."

"Na sani."

"Kina bakin cocin nan ran Lahadi."

"Ina nan. Ke ma kina nan. Kada ki ɗaga mini murya a gidana da taɓo a gwiwa."

Ta ajiye farantin.

Ta ce 'ya'ya bakwai ta haifa. Biyu na Ingila, ɗaya na Kanada, biyu na St. Thomas, ɗaya na ƙarƙashin ƙasa. Sai hoto a bango da waya ran Kirsimeti. Josette kaɗai ta rage mata. Mutumin da ba shi da ƙasa a nan, ba shi da kabarin kowa a nan, ranar da ya ga dama zai ɗauki jaka ya ɗauki 'yarta, ita kuma ta mutu a ɗaki sai wari ya sanar da maƙwabta. Shekara huɗu tana roƙon Allah ya raba su. Ba ita ta ce a jefe shi ba, ba ta taɓa buɗe baki ta ce shi ne ba. Shiru kawai ta yi.

"Itatuwana sun tafi, ba za su dawo ba. Aƙalla in tsira da 'yata."

"Da ƙarya?"

"Ke da kika zauna a kan taki ƙaryar shekara biyu da rabi, yau tawa ta kwana biyar ce ta dame ki?"

Ermine ta sunkuyar da kai.

Tsohuwar ta sassauta. Ta dafa mata kai kamar yadda take yi in zazzaɓi ya kama ta, ta ce ta saurara da kyau. Ta koma gida yanzu, ta tone iccen, ta jefa shi cikin wutar da ma'aikata za su hura da rana, wa zai bambanta reshe da reshe? In kuwa ta buɗe baki, ta san garin nan. Ba za su jefe ta ba, 'yar gida ce. Abin da za su yi ya fi jifa. Za ta gaishe su su dubi teku. Motar haya za ta wuce ta a hanya da kujera babu kowa. Gona tara, gida tara, kowanne da dangi. Za ta sayar da gidan uwarta ta koma cikin sanyin na'ura a Orlando ta mutu a can, kuma Lennox bai yi zanen lambu don haka ba.

"Ki yi shiru, in yi shiru. Zuwa baɗi an manta. Mu shuka koko a wurin."

Abin da ya fi tsorata Ermine shi ne yadda maganar ta kwanta mata. Ta hango kanta tana tone iccen, ta hango Asabar mai zuwa mata sun jeru a barandarta da hannun riga a naɗe, ana hira ana dariya. Abu mai sauƙi. Ta riga ta iya shirun, ta ƙware a kansa.

Sai ta lura ƙarar kankarar kwakwa ta tsaya. Ba ta san tun yaushe ba.

Ma Clemie ma ta lura. Ta juya a hankali.

Josette na tsaye a ƙofar kicin, farin ruwan kwakwa na ɗiga daga yatsunta. Mace ce doguwa mai shekara talatin da tara, mai surutu, wadda ake jin dariyarta tun daga bakin ruwa. Yanzu fuskarta babu komai a kai.

"Josette, 'yata, ba yadda kika ji ba ne..."

"Yaya ne, Mama?"

Tsohuwar ta ture farantin kokon gefe.

"Daren Lahadi ni na wanke masa rigar," Josette ta ce. "Na dawo ina kuka, kika dafa mini shayi, kika ce in bar wa Allah, gaskiya ba ta ɓuya. Kin tuna?"

"Saboda ke na yi."

"Na ji ai. Duk na ji." Ta juyo kan Ermine. "Ke kuma Nas, na kawo miki kifi ran Litinin don in gode miki da kika ɗinke shi. Kika karɓa."

"Na karɓa," Ermine ta ce.

"Kin ci?"

Kifin na nan cikin firij, ta kasa ci, ta kasa zubarwa, amma wannan ma ba abin faɗa ba ne.

Josette ta goge hannu a jikin siket, ta koma cikin kicin. Suka ji tana ture kwanuka. Ma Clemie ta yunƙura za ta tashi, gwiwa ta hana ta. Da Josette ta fito, babban kodin teku ne a hannunta, wanda take busawa in kwalekwale ya iso da kifi, gari ya fito da kwano.

"Ajiye wannan," Ma Clemie ta ce. "Josette. Ni na haife ki."

Josette ta wuce su ta tsaya a tsakiyar filin da itatuwa suka bari, ta kafa kodin a baki.

Ƙarar ta bi kwarin ta dawo. Ta sake busawa. Ta busa na uku, dogo, har jijiyar wuyanta ta fito. Mai injin ya kashe injinsa. Malamar gona ta sauke takardarta tana kallo.

Josette ta dawo ta tsaya a kansu, tana haki.

"Minti biyar gari zai cika gidan nan. Ko ku faɗa da bakinku, ko in faɗa da nawa. In ni na faɗa, ba zan rage ko ƙwaya ba, kuma gobe jirgin nan da mutum biyu zai tashi."

Tun ba a yi minti biyar ɗin ba aka fara jin takun silifa a kan kwalta. Matar mai shagon giya ce ta fara shigowa da roba a hannu, bayanta tsofaffin masu wasan domino, bayansu matan unguwar ƙasa, har da mutumin da kowa ya san shi ya yi jifan amma babu wanda ya ce ya gani. Suka yi cirko-cirko suna dube-dube.

"Josette, ina kifin? Ko lemun za ki auna mana?"

Wani ya yi dariya, ya ga babu mai taya shi, ya haɗiye.

Ermine ta miƙe. Ta san kowace fuska a wurin, ta san hawan jinin kowa, ta san wanda ke shan maganinsa da wanda ke yi mata ƙarya. Ta yi taku ɗaya, ta yi na biyu.

"Babu kifi," ta ce. "Ni ce nake da magana. Cutar nan da ta..."

Hannu ya damƙe mata tsintsiyar hannu ta baya, damƙa mai ƙarfi, irin ta wadda ta shekara sittin tana riƙe adda. Ma Clemie ta miƙe tsaye ba tare da sandarta ba. Ba ta dubi Ermine ba, ba ta dubi 'yarta ba, taron take kallo, kuma Ermine ta kasa karanta komai a fuskarta.

"Koma baya, 'yar Agatha," tsohuwar ta ce. "Gidana ne. Ni zan fara."